Danjar Babur ɗin Kakana

In mutum zai sayi babur, abin da yakan duba shi ne inji da taya da fitilar gaba. Da wuya ka ga wanda ya zagaya baya ya dubi danja, wato jar fitilar nan da ke bisa lamba. Dalili kuwa a fili yake, mahayi ba ya ganin danjarsa, don waɗanda ke bayansa aka yi ta. Amma fa a ganina, babu wani abu a jikin babur da ke tsare ran mai shi da dare kamarta. Bari in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin yadda na gane haka.

Kakana tsohon malamin firamare ne a Jangebe, cikin ƙasar Talata Mafara. A 1975, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata kuɗin Udoji, sai ya cika da ɗan abin da ya tara ya sayi Honda 175. A sa'an nan garinmu yana cikin Jihar Arewa maso Yamma. Babur ɗin nan ya ga an yi Jihar Sakkwato a 1976, ya yi gogayya da manyan motocin aikin madatsar Bakolori wadda aka gama a 1978, ya kuma ga an yi Jihar Zamfara a 1996. Da ƙarfin Malam ya ragu, sai aka jingine shi a zaure aka lulluɓe da tsohuwar tabarma.

Da muka sami hutu na roƙi Malam ya bar ni in tashe shi. Bakanike ya yi aikin inji, ya sa sabon batir, babur ya tashi da ƙararsa ta da. Da aka zo kan danja sai ya ce a jefar a sayi sabuwa. Malam na ji ya ce, "Kai ɗan ga, wagga danja ta girmi ubanka. In ba ka iya gyaranta, maido mini abina." Na ce, "Tsoho, kwantar da hankalinka, ai da tsohuwar zuma ake magani."

Da na kwance sukurori biyu na cire jan murfin, sai na tarar danja gida biyu ce. Na farko shi ne ɗan kwanon ƙarfe da ke bayan ƙwai, wanda ke tattara haskensa ya turo shi waje. Wannan tsatsa ta cinye shi, gizo-gizo ya yi saƙa, har zanzaro ya yi gini a gefe. Na kankare shi da samfefa, na wanke da kananzir, ya bushe, sa'an nan na shafa masa fenti ruwan azurfa sau biyu. Na goge bakin wayoyi da mazaunin ƙwai har suka yi fari, domin wutar babur ɗin bolt 6 ce, ƴar tsatsa kaɗan takan rage mata ƙarfi.

Gida na biyu shi ne abin mamaki. A cikin jan murfin akwai wani wuri mai ƙananan tsinaye jere reras kamar saƙar zuma. Kowane ɗaya kusurwa ce mai fuska uku, tamkar lungun ɗaki inda bango biyu suka haɗu da daɓe. In haske ya shigo, sai ya bugi fuskar farko, ya faɗa ta biyu, ya faɗa ta uku, ya juya ya koma daidai inda ya fito. Ke nan direban da ya hasko ka, shi ne haskensa zai koma wa. Wannan sashe ba ruwansa da batir ko ƙwai. Ko babur a mace yake a gefen hanya, yana aikinsa. Haka idon kyanwa yake mayar da haske, shi ya sa ake kiran ƙusoshin titi masu ƙyalli da wani Bature Percy Shaw ya ƙago a Ingila a 1934 da sunan idon kyanwa. Har 'yan sama jannatin Amurka da suka sauka a wata a 1969 sun bar faranti mai irin waɗannan kusurwoyi guda 100, masana na harba masa haske daga duniya, ya dawo cikin kusan daƙiƙa biyu da rabi, su auna nisan wata.

Sharaɗinsa ɗaya ne, bayan tsinayen ya kasance iska ce zalla. In ruwa ko mai ko laka ya cike tsakaninsu, haske ba ya juyowa yadda ya kamata. Don haka ba a sa wa cikin murfin samfefa, ba a shafa masa fenti, ba a kuma wanke shi da fetur, domin yakan dusashe roba har ta tsattsage. Na jiƙa shi a ruwan sabulu, na bi shi a hankali da tsohon buroshin haƙori, na shanya a inuwa. Fuskar waje kuwa, wadda rana da ƙurar hunturu suka dusashe, na yi ta murza ta da man goge haƙori da tsumma mai laushi har ja ya fito. Na yanko tsohon tib na yi masa zobe don kada ruwan sama ya shiga, na ɗaure.

Bayan sallar isha'i muka gwada a ƙofar gida, ba mu kunna babur ba. Na ƙirga taku 100, na ɗora tocila a gefen idona na haska. Sai ga danja jawur kamar garwashi. Ƙanena da ke tsaye can gefe ya ce shi bai ga kome ba, sai da ya zo ya tsaya inda nake. Malam ya karɓi tocilar ya haska da kansa, ya daɗe bai ce uffan ba.

To, mai karatu, ga lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin wajen mita 22 a kowace daƙiƙa. In direba bai hango ka ba sai da ya rage mita 30, kafin ƙafarsa ta kai birki ya iso ka. Duk wanda ya taɓa dawowa daga kasuwar Mafara ran Talata bayan magariba ya san yadda hanya ke cika da babura da kekuna da amalanken shanu, da yawansu ba ko ɗigon ja a baya.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi ƙasarmu. Tun daren 26 ga Fabrairu 2021, da aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe, aka sako su ran 2 ga Maris, ƙarar babur cikin duhu ta zama abin faɗuwar gaba a wurinmu. A shekarar nan har gwamnatin jiha ta hana hawan babur da dare. Abin hawan da ya kai malamai makaranta ya koma abin zargi. Mugu shi ke son duhu. Mutumin kirki so yake a gan shi gaba da baya, a san ko wane ne.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa, in kun je hutu ku zagaya bayan babur ko keken gidanku ku duba. Sabulu da tsumma da rabin awa sun isa. In danjar ta fashe a sake ta, in babu a sa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu a kan hanya, ya maido mana da zaman lafiya a Zamfara, amin.