Gyambon Da Ya Fi Ƙarfin Kafso

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Haka al'amarin wata ƙwayar cuta yake, wadda likitoci ke kira sitafilokokas. Tana zaune a hanci ko a fatar kusan mutum ɗaya cikin uku ba tare da ta yi ɓarna ba, in ma ta tashi, galibi maruru ne. Amma ga mai ciwon gado, wanda jikinsa ya riga ya raunana, ita ce abokiyar gaba.

A Amurka da Ingila wannan ƙwaya takan addabi masu wani ciwo na gado da ake kira sistik faiburosis, watau ciwon da ke sa majina ta yi kauri ta toshe huhu, har ƙwayoyin cuta su yi gida a ciki. Ciwon bai yawaita a ƙasar nan ba. A nan masu amosanin jini, watau sikila, su ne a wannan matsayi, domin tun suna ƙanana ciwon kan kashe musu saifa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara.

A Suleja akwai wani saurayi tela da ya taso da shi. Gyambo ya fito masa a idon sawu, a ƙafar da yake taka keken ɗinki. A da, in ya yi mugunya, kafso na kwana biyar kan busar da shi. Sannu a hankali sai maganin ya daina ci. Ya sake wani, ya kuma sake wani, ga zazzaɓi, ga raɗaɗi ya shiga ƙashi. Da aka kai shi asibitin koyarwa na Gwagwalada, aka ɗebi mugunyar aka auna, sai aka tarar irin sitafilokokas ɗin nan ce da ta bijire wa magani, wadda ake taƙaita sunanta da MRSA.

Bijirewar tana da tarihi. A 1928 Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan, kuma a 1945 shi da kansa ya yi gargaɗi cewa shan maganin ƙasa da ƙa'ida zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Aka fito da metisilin don a rufe wannan ƙofa, amma a 1961 sai ga ƙwayar da ta fi ƙarfinsa a Ingila. Dalili kuwa shi ne, magani kan kashe masu rauni ya bar masu taurin kai, su kuwa su hayayyafa su bi hannu, da tawul, da reza, su koma jikin wani. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai ƙwayoyin da suka bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya.

Telan nan ya yi makonni a kwance ana ba shi magani ta jijiya, ana auna ƙodarsa saboda ƙarfin maganin. Ɗinkin Sallah ya wuce shi. Mahaifiyarsa ta sayar da akuyoyinta, da ya hana ta kuwa, ya ce, "Inna, ki bari," sai ta ce dukiya kan dawo, ƙafa ba ta dawowa. Da aka sallame shi rayuwa ta sake tsari. Tawul nasa daban, askarsa daban. Yakan wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ɗaurin ciwon da kuma bayan ya gama. Da ya ji jikinsa ya yi zafi, asibiti yakan nufa, ba kemis ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda waɗansu abokai suka janye, alhali gaisawa da hira ba sa cutarwa muddin ciwon yana rufe.

To, jama'a, a nan ne haƙƙinsa ya rataya a wuyan masu lafiya. Duk wanda ya sayi kafso biyu don mura, wadda kafso ba ya yi mata kome, ko ya bai wa maƙwabci ragowar nasa, yana dakushe makamin da ran wani ya dogara a kai. Mai lafiya zai warke daga mura ko da magani ko babu. Mai sikila kuwa, magungunan da suka rage masa ƙidayayyu ne, masu tsada kuma.

Saboda haka a bar likita ya auna kafin a sha, a kuma sha yadda ya faɗa. Allah ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi, amin.