Wasiƙa daga Delhi: Maganar Masai

Zuwa ga Kawu,

Ina tambayar mutanen gida na Sabon Birni da 'yan'uwa na Isa. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta 'yan bindiga.

Kawu, ka yi mini afuwa, yau maganar da ba a yi a gaban manya zan yi. A nan Delhi akwai gidan tarihi guda da aka keɓe wa masai kaɗai. Ƙungiyar Sulabh ce ta buɗe shi a 1992. A ciki ana nuna yadda mutanen Mohenjo-daro suke da makewayi da magudanar ruwa ta bulo tun shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har zuwa kujerun sarakunan Turai. Amma abin da ya tsaya mini a rai yana tsakar gida ne, kuma ba shi da ado ko kaɗan.

Rami biyu ne, kowanne an ɗaure shi da bulo mai 'yan kafofi, bututu ɗaya ya rabu zuwa gare su. Ana amfani da ɗaya, idan ya cika sai a toshe shi a koma ɗayan. Bayan kamar shekara 2 abin da ke cikin na farko ya bushe ya zama taki, ba wari, a kwashe a kai gona. Ruwan buta ɗaya ya isa korawa, kuma su ma Indiyawa da ruwa suke tsarki kamar mu. Marigayi Bindeshwar Pathak, wanda ya kafa Sulabh a 1970, ya yaɗa shi ne don 'yantar da ƙasƙantattun mutanen da aka gadar wa kwasar kashi da hannu.

Da na gan shi sai na tuna salgarmu da ke ruftawa duk damina saboda yashi, da yadda ambaliyar Gulbin Bunsuru ke kwaso ƙazantar bayan gari ta zuba a rijiyoyin fadama. Amai da gudawar 2021 ba daga sama ta faɗo ba. Ga kuma abin da ya fi ci mini rai: iyayenmu mata a ƙauyuka suna jiran duhu kafin su zagaya daji, alhali dajin yanzu ba shi shiguwa. Waɗanda suka yi gudun hijira suka cika makarantu da kangaye fa, ina za su?

Indiya ba ta gama ba. Gwamnati ta ce ta gina masai sama da miliyan 100 daga 2014 zuwa 2019, amma har yau in ka shiga jirgin ƙasa da asuba za ka ga masu tsuguno a gefen dogo. Gini daban, sabo daban. Mu kuwa muna da abin da zai sauƙaƙa mana, domin Manzon Allah (SAW) ya hana bahaya a kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, kuma Jigawa ta samu shaidar daina bahaya a fili tun 2022.

Roƙona, Kawu, ka kai maganar ga liman da magina. A fara da tasha da masallacin Juma'a, a haƙa nesa da rijiya. Zan aiko da zanen ramin da kuɗin bulon farko.

Ɗanka,
daga Delhi