Godiya ga Baba, Tsohon Direba

 Baba, duk sanda na zo gida na fara yi maka godiya sai ka katse ni da "ba komai, yi wa kai ne." Shi ya sa na zaɓi takarda, don in faɗe ta har ƙarshe.

Ka san yadda aikin tuƙin nan ya so ya cinye ni. Takardar ɗaukata ta ce ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, kuma kamfani ne ya ɗauke ni. Amma a hankali oga ya mayar da ni yaron gidansa. An tashi aiki, in ɗauko yara daga Islamiyya. Asabar in kai Hajiyarsa Kantin Kwari, in zauna cikin mota har la'asar. Lahadi a ce akwai ɗaurin aure a Katsina. Babu kuɗin obataim, babu ranar hutu a madadi. Mu kuwa an rene mu a kan cewa ba a yi wa babba musu, balle wanda abincinka ke bi ta hannunsa.

Ranar da na kawo maka kuka, ba ka zagi oga ba, ba ka kuma ce in yi ta haƙuri ba, kamar yadda kowa ke cewa. Tabarau ka saka, ka sa na ɗauko takardar, muka bi ta layi-layi. A bakinka na fara jin cewa Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 13, ta ɗauki duk aikin da ya wuce sa'o'in da aka yi yarjejeniya a matsayin obataim, ta ba wanda ya yi sa'a 6 ko fiye yana aiki hutun aƙalla sa'a ɗaya, ta kuma ware sa'a 24 cur na hutu a cikin kowane kwana 7. Sai ka ninke takardar ka ce in san wannan a zuciyata, amma kada in kuskura in karanta wa oga doka a fuskarsa, domin mai mulki yana iya yafe ƙin aike, ba ya yafe a kunyata shi.

Wannan shi ne ilimin da ba a samu a makarantar koyon mota. Ka ce kada in ƙi a gaban mutane, kada in ƙi ina cikin fushi, kada in yi ƙaryar rashin lafiya don ita ce ke fara zubar da girman direba. In faɗa da wuri, in faɗi dalili ɗaya na gaskiya, sannan in miƙa abin da zan iya. Har ka sa na shiga adashe, wai mai ɗan abu a gefe muryarsa ba ta rawa.

Ranar gwaji ta zo wata Alhamis. Tun asuba muka tafi Haɗeja, muka biyo ta Dutse, muka shigo Kano ana kiran magariba. Ina goge gilashi sai oga ya ce in sha mai, Abuja za mu wuce, yana da taro da safe. Baba, kai ka fi ni sanin hanyar: sama da kilomita 400, ga karkatar hanya saboda aikin titi, ga tireloli jibge a Mararrabar Jos da Tafa, ga fargabar Rijana da Katari cikin dare. Na bari abokinsa da ke tare da mu ya shiga masallaci, na matsa kusa na ce, "Ranka ya daɗe, tun asuba nake kan sitiyari, idona ba zai kai mu Abuja lafiya ba. In ka amince, in kai ka filin jirgin Malam Aminu Kano da sassafe, ni in biyo ka da mota." Gwiwata na kaɗawa, amma maganar ta fita daidai yadda ka tsara ta.

Ya ɗaure fuska, ya ce direbobin yanzu ragwaye ne. Ban tanka ba. Washegari jirgin ya bi. An ɗauki lokaci yana amsa gaisuwata da ka, kuma har yau ba zan ce ya ji daɗi ba. Sai dai da na same shi daga baya a kan aiken gida, ya sa aka fara rubuta mini obataim na Asabar, Lahadi kuwa ta zama tawa. Na san akwai waɗanda suka faɗi irin wannan magana aka karɓe musu makulli, shi ya sa ba na raina direban da ya yi shiru. Abin da ke ci mini rai shi ne yawan 'yan'uwanmu da kunya ta hana su cewa barci suke ji, har aka kwaso su a gefen titi.

Maman yara ta ce in gaya maka yanzu da ni ake cin tuwon dare, ƙaramin ma ni ke yi masa tilawa. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan mahaifa. A gaida Inna da sauran mutanen gida.