Belin Doguwa da zaman ɗan ƙanwata

A makon zaɓen 2023 ina Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada ta rabu da titin Kano zuwa Zariya. Direbobi ne suka fara kawo mana labari: an yi rikici a Tudun Wada, an ƙona ofishin jam'iyyar NNPP, an rasa rayuka. Ranar 28 ga Fabrairu 'yan sanda suka kama Alhassan Ado Doguwa, shugaban masu rinjaye na Majalisar Wakilai a lokacin, a filin jirgin Malam Aminu Kano. Washegari kotun majistare ta tura shi gidan yari bisa zargin kisa a rikicin na Tudun Wada. Mako bai cika ba Babbar Kotun Tarayya ta ba da belinsa kan naira miliyan 500.

Teburin mai shayi ya kaure da musu. Wani dattijo ya juyo gare ni: "Malam, kai da ka yi boko, yanzu har kisa ana ba da beli?" Na ce masa, Baba, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma ko a fiƙihu kawo hujja yana kan mai ƙara. Samari suka ce an saye ni.

Ba su san abin da ke cina ba. A lokacin ɗan ƙanwata yana tsare, an haɗa da shi a kamen da aka yi bayan wani fashi, don kawai an ga babur ɗinsa a kusa. Majistare ba shi da hurumin sauraron fashi, sai ya ajiye shi, ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Kowane zama a ɗage. Uwarsa ta sayar da awaki biyu a kan kuɗin mota da na abinci, alhali a bangon caji ofis an rubuta beli kyauta ne. Babu wanda ya gaya wa yaron cewa yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya. Ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba. Mu kanmu sai daga baya muka ji akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin irinsa.

Shi ya sa belin Doguwa bai ba ni haushi ba. Dokar da ta fito da shi ita ce ta yaronmu, lauyoyin da za su tashe ta ne ba mu da su.

A watan Mayu kwamishinan shari'a na Kano a lokacin, Musa Abdullahi Lawan, ya ce babu hujjar gurfanar da Doguwa. Namu sai bayan girbi wata lauya ta sa kai ta bi fayil ɗinsa, aka sallame shi ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Gonarsa dai damina guda ta kwana ba shuka, babur ɗin kuma har yau muna bi.