Pari a kan tabarma

Shekara ashirin da ɗoriya Malam ya yi yana koyar da birnin da bai taɓa sa ƙafa cikinsa ba. A wata lise ta Damagaram yake aiki, yana karantar da Faransanci, yana kuma karantar da Hausa in jadawali ya ba da sarari. Ya sha zana kogin Seine a kan allo, ya raba shi biyu inda tsibiri yake, ya ɗora Notre-Dame a tsakiya, ya hau da yara can sama wurin mai ƙusumbin nan na littafin Victor Hugo da ke kaɗa ƙararrawa. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Sai dai wata rana wani yaro na ajin ƙarshe, ba don rashin kunya ba, ya ɗaga hannu ya ce: «Mushe, ruwan kogin wane launi ne?» Malam ya ce toka-toka ne, domin haka ya taɓa karantawa a wani wuri, ya ci gaba da darasi. Yaron ya manta. Malam bai manta ba.

A farkon shekarar 2019 takarda ta zo: an zaɓe shi cikin malaman da za su je horo na mako biyu a wata cibiya da ke gefen Pari, a hutun damina. Horon zai ƙare ranar Laraba 24 ga Yuli, jirgin komawa Yamai kuwa sai Lahadi. Ke nan Alhamis da Juma'a da Asabar nasa ne, ya yi yadda ya ga dama da su. Tun daga daren da ya gane haka barci ya rage masa. Ya sayi sabon kaye mai shafi ɗari, ya aro taswira da wani tsohon littafin jagora wanda farashin cikinsa duk da faran ɗin Faransa aka rubuta su, kuɗin da ero ya maye gurbinsa tun 2002. Kullum bayan sallar lisha sai ya shimfiɗa taswirar a kan tabarma a tsakar gida, ya danne kusurwoyinta da takalma da buta, ya duƙa.

Jerin farko da ya rubuta ya ƙunshi wurare arba'in da ɗaya. Ba wauta ce ta sa shi ba, sani ne ya yi masa yawa. Wanda bai san Pari ba zai ce a kai shi hasumiyar Eiffel a ɗauke shi hoto, shi ke nan ya huta. Shi kuwa kowace unguwa cikin unguwanni ashirin ɗin nan da suka naɗe juna kamar gidan dodon koɗi tana da wani shafi da ya taɓa sa yara su haddace, kuma barin kowace sai ya zame masa kamar wuce ƙofar ɗan'uwa ba sallama.

Kuɗi ne suka fara yi masa yanka. Ero ɗaya sefa 656 ne ba kaɗan, lissafin da ba ya motsi. A waccan shekara shiga Louvre ero 17 ne in ta intanet aka sayi tikiti, wato jaka goma sha ɗaya da ɗoriya. Hawa ƙololuwar hasumiyar Eiffel ya haura ero 25, kusan jaka goma sha bakwai. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ero 1,90 kowace shiga, in an sayi goma a haɗe 14,90. Ga shi Sallar Layya za ta zo mako biyu bayan dawowarsa. Uwargida, wadda ba ta taɓa sa baki a sha'anin taswirar ba, ta tsaya a kansa wani dare da fitila a hannu ta ce: «Malam, duk hasumiyar da za ka hau, ka tuna da ƙafar ragon Layya kake hawanta.» Ya rubuta maganar a bangon kayen. Daga nan ya gano cewa ana iya hawa da ƙafa zuwa bene na biyu, matakala 674, da kimanin ero 10. Ya duba gwiwoyinsa, ya duba farashin, ya ce gwiwoyi za su biya.

Yanka na biyu ba shi ya yi ba. Ranar Litinin 15 ga Afrilu, da almuru, ƴarsa ta shigo da salula a hannu tana cewa: «Baba, cocin nan naka yana cin wuta.» Ya karɓa ya ga rufin Notre-Dame yana ci, ya ga dogon tsinin nan ya karye ya faɗa ciki. Ginin da aka aza tubalinsa a 1163, wanda ya jira shekara ɗari takwas da hamsin, bai jira Malam wata uku ba. Shi ne na ɗaya a jerin. Daga farfajiyarsa ake auna nisan hanyoyin Faransa, Malam kuma daga nan ya yi niyyar fara nasa awon. Ya ɗauki jan bik ɗin da yake gyaran takardun yara da shi, ya ja layi a kan sunan. Ya daɗe zaune. Wani zai ce mene ne haɗin Musulmi, jikan malaman allo, da cocin Nasara har da jimami? Haɗin shi ne shekara ashirin na alli.

Bayan wannan ne ya raba shafi biyu, kamar yadda aka raba ranarsa ta aiki. A hagu ya sa abin da malamin Faransanci yake son gani, a dama abin da malamin Hausa yake son gani. Ya zaci na daman zai zauna fayau. Ba haka aka yi ba.

Yana bin sunayen tituna da yatsa, a unguwa ta goma sha ɗaya, sai ya ci karo da titin Commandant-Lamy. Wannan suna ba baƙo ba ne a Damagaram. Lamy ne ya ratso Sahara tare da Foureau, suka biyo ta Agadas, suka iso birnin a watan Nuwamba na 1899, bayan an riga an ci rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a watan Yuli na shekarar. Ya ƙara gaba, a unguwa ta goma sha biyu, sai ga titin Fernand-Foureau. Ya juya taswirar ya bi jerin sunayen da ke bayanta harafi bayan harafi, ko da yake ya san abin da ba zai samu ba. Ya rubuta titin Lamy a dama, ya sake gogewa, ya sake rubutawa. Me zai je yi? Ya tsaya gaban allon suna ya karanta abin da ya riga ya sani? A ƙarshe ya bar shi da alamar tambaya, kuma daidai ya yi, domin ba kowane ciwo ne ake biyan kuɗin mota a je a gani ba.

Gidan adana kayan tarihi na Quai Branly ya fi ba shi wuya. An buɗe shi a 2006, yana nan daf da hasumiyar Eiffel, tafiyar ƙafa. A watan Nuwamba na 2018 Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa rahotonsu, inda suka ƙiyasta cewa kayan Afirka ta kudu da Sahara kimanin 90.000 ne ke cikin gidajen tarihin gwamnatin ƙasar, kimanin 70.000 daga ciki a wannan gida kaɗai. Wani abokin aikinsa, malamin tarihi, ya ce masa shi kam ba zai ba da ko dala ba don ya kalli kayan gidansu ta bayan gilashi. Malam ya ce ya ji, amma wanda aka kwashe wa kaya gara ya san ɗakin da aka ajiye su. Ya haɗa shi da hasumiyar a ranar Alhamis.

Akwai abin da ya so ya fi kowane, bai samu ba. A unguwa ta goma sha uku akwai makarantar harsuna ta INALCO, wadda aka kafa a 1795, inda ake koyar da Hausa. Burinsa ya zauna a bayan aji, ba tare da ya faɗi ko shi wane ne ba, ya ji yadda ƴaƴan Faransawa ke kokawa da ɓ da ɗ da ƙ kamar yadda ɗalibansa ke kokawa da u da eu. Sai ya tuna Yuli hutu ne a can ma. Ƙofa kawai zai gani. Ya ja layi.

Saƙonni kuwa ba su yanke ba. Yayansa ya ce ya ɗinke kuɗi a cikin wando saboda ƴan sane. Maƙwabta suka haɗu a kan sanyi, har ya je kasuwar Dole ya sayo rigar sanyi ta gwanjo mai nauyin bargo. Tsohon malaminsa na firamare, wanda ya koya masa dikte da bulala, yanzu ido ya yi rauni yana zaune a zaure cikin Birni, ya riƙe hannunsa ya ce: «Ɗana, ni ban je ba, ba kuma zan je ba. Ka shiga Panthéon ka gaida mini Hugo.» Mahaifiyarsa tambaya ɗaya ta yi: «Akwai masallaci?»

Tambayar Inna ce ta warware masa Juma'a, kuma a nan shirin ya zama shiri. Ya nemi Babban Masallacin Pari a taswira ya same shi a unguwa ta biyar. An buɗe shi a watan Yuli na 1926, don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu wa Faransa a yaƙin 1914 zuwa 1918. A wannan shekarar ce kuma, 1926, aka ɗauke hedikwatar mulkin mallaka daga Damagaram aka kai Yamai. Tsallaken titi daga masallacin, lambun Jardin des Plantes ne, a can ƙarshensa kuma akwai zauren ƙasusuwan dabbobin da. A ciki ne kadan Gadufawa yake kwance, wanda aka tono daga yashin kudu maso gabashin Agadas, masana suka raɗa masa suna Sarcosuchus imperator a 1966, tsawonsa ya haura mita tara, shekarunsa sun haura miliyan ɗari. Daga nan in aka taka zuwa yamma sai titin Écoles, inda kantin littattafan Présence Africaine yake, gidan mujallar da Alioune Diop ya kafa a 1947, gidan da ya buga littattafan Boubou Hama. A wannan titin dai Sorbonne take, inda marubuta baƙar fata suka yi babban taronsu na farko a 1956. Hawa ɗan tudu kaɗan, sai Panthéon, inda Hugo yake tun 1885, Félix Éboué tun 1949. Malam ya auna da tsinken tsintsiya: duka ba su fi ƙarfin ƙafa ba, ba tikitin jirgi ko ɗaya. Shafin hagu da na dama sun haɗu a unguwa guda, kamar Zango da Birni.

Louvre ya bar wa Asabar, bayan ya yi masa lissafin makaranta. Abubuwan da aka baje a ciki kimanin 35.000 ne. In mutum ya ba kowane minti ɗaya, zai yi kwana 24 ba barci ba salla. Ya ba shi awa uku, ya zaɓi zaure biyu, ya yi wa kansa alkawarin ba zai yi gudu ba. La'asar ta Château-Rouge ce, kasuwar ƴan Afirka, don tsaraba. Ya rubuta lokutan salla a shafin ƙarshe, ya yi ta kallonsu: azahar wajen ƙarfe biyu, magariba bayan tara da rabi na dare. Daga arba'in da ɗaya jerin ya dawo tara. A ƙasansu ya ƙara na goma, wanda ba shi da farashi: «Duba ruwa.»

Ranar Alhamis 25 ga Yuli 2019 zafin Pari ya kai digiri 42,6, abin da ba a taɓa aunawa ba a tarihin birnin. Mutumin Damagaram da rigar bargo a akwati ya tsaya gindin hasumiyar, ya ɗaga kai ya dubi matakala 674, ya roƙi wani baƙo ya ɗauke shi hoton da ƴarsa ta ce, ya nufi Quai Branly ya wuni a inuwa. Juma'a ta tafi yadda aka tsara, har da gaisuwar. Ruwan kuwa, da ya jingina a kan gada ya duba, kore-kore ne mai duhu, irin na tabki a ƙarshen damina.

Tun watan Agusta na 2023 jirgin Air France ya daina sauka Yamai, a watan Janairu na 2024 aka rufe ofishin jakadancin Faransa, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Tsohon malamin ya rasu. A watan Disamba na 2024 ƴar ta sake shigowa da salula, ta nuna masa an buɗe ƙofofin Notre-Dame. Ya ɗauko kayen daga ƙasan akwati, ya buɗe shafin farko inda jan layin yake. Bik ba ya gogewa. Ya rubuta kwanan watan a gefe da fensir, ya mayar da kayen, ya jawo takardun yara da ke jiran gyara.