Dariyar Da Na Haɗiye Bayan Rasuwar Inna

Bayan rasuwar Inna, dariya ta zame mini abin kunya. Ba wanda ya hana ni. An yi zaman makoki an watse, kowa ya koma harkarsa, ni ma na koma bakin aiki, amma duk sa'ad da wani abu ya so ba ni dariya sai in ji kamar zan ci amanarta. Tana ƙasa, ni kuma ina ƙyaƙyatawa? Haka na yi ta haɗiyewa har na saba.

Ina cikin wannan hali aiki ya kai ni Berlin, aka kama mini ɗaki a otal ɗin 25hours Bikini, wanda aka buɗe a 2014 cikin wani dogon gini na shekarun 1950, jikin gidan namun dajin birnin. Da ni aka tambaya, wuri mai shiru zan zaɓa, inda ba mai kula ni. Nan kuwa wanda ya tsara cikinsa, Werner Aisslinger, da gangan ya cika shi da wasa. Kekuna a rataye sama, shuke-shuke ko'ina, rufin ɗaki siminti tsirara ba silin. A zauren karɓar baƙi ga lilon raga irin na kwanciya, masu furfura sun miƙe a ciki abinsu, ba ruwansu da idon kowa. Ina shiga ɗaki na tarar da ɗan birin ƙyalle zaune a kan gado. Na ɗauke shi na jefa cikin durowa.

Ɗakunan kashi biyu ne, wasu suna kallon gari, wasu suna kallon dabbobi. Nawa na dabbobi ne, tagarsa gilashi tun daga sama har ƙasa. Da na idar da sallar asuba sai in zauna a kan darduma har gari ya waye, ina kallon birai can ƙasa suna fitowa.

Wata la'asar na hau hawa na goma shan shayi, inda ake hango ɓangarorin biyu. A ɗaya gefen ga hasumiyar cocin tunawa da Sarki Wilhelm, wadda bama-bamai suka fasa a watan Nuwamba na 1943. Bayan yaƙi an so a rushe ragowar, mutanen gari suka ƙi, sai aka gina sabon coci mai shuɗin gilashi a gefenta aka bar ta da karyayyen kanta. A dandalin da cocin yake ne kuma aka afka wa kasuwar Kirsimeti da babbar mota a Disambar 2016, ga sunayen mamatan nan a jikin matakala. Na daɗe ina duban wurin. Yara suna guje-guje a gindin hasumiyar, ana ciniki, motocin bas suna wucewa. Mutanen nan ba su manta ba, ai ga shaida a tsaye tsakiyar gari. Amma ba su kulle gidan birai ba, kuma ba wanda ya ga laifin wanda ya rataya lilo a tsallaken titi. Wannan ya tsaya mini a rai sosai, domin ni na ɗauka dole sai ɗaya, ko tunawa ko walwala.

Washegari da safe wani ƙaramin biri ya lallaɓo ta bayan wani babba, ya fizge abin da ke hannunsa, ya haye sama ya zauna yana ci yana leƙensa. Babban ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi, ya sake dubawa. Ban san sa'ad da dariya ta ƙwace mini ba, har da hawaye, ni kaɗai a ɗaki. Na jira nauyin nan ya danne mini ƙirji kamar kullum, bai zo ba. Abin da ya zo shi ne Inna, yadda take rufe baki da gefen mayafi in dariya ta ci ƙarfinta, kafaɗunta suna rawa. Tun rasuwarta ban tuna ta haka ba, kullum a gadon asibiti nake ganinta.

Na kira Yaya a waya, ina ba ta labarin birin ina shaƙewa.

"Ikon Allah, yau ke ce da dariya haka?" in ji ta. "Kin tuna ranar da akuya ta cinye wa Inna kuɗin cefane, ta bi ta da muciya tana cewa ta ba ta canji?"

Na tuna. Muka yi ta tono irin waɗannan har aka buga mini waya daga ƙasa cewa motar taro tana jira. Kafin mu ajiye muka yi mata addu'a, Yaya ta ce in ɗauko wa yara bidiyon biran kada in manta.