Bindigar Kaka a Kan Sikeli

A ɗakin marigayi kakana akwai tsohuwar bindigar toka rataye a bango. Da ita ya yi farauta a dajin Falgore yana saurayi. Duk jajibirin Sallah sai ya sauko da ita, in kankare tsatsar bakinta da yashi, shi kuma ya shafe ƙotar da man gyaɗa. Rabonta da albarushi tun kafin a haife ni.

Watan jiya wani ɗan gwangwan ya ɗora ta a sikeli. Baffana har ya fara ciniki. Ni kuwa sai kuka ya ƙwace mini.

Darasin malaminmu na tarihi na tuna. A 1903 sojojin Turawa suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, nan kusa da mu, kafin su ci Kano. Suna ɗauke da bindigar Maxim, mai aman harsashi wajen 600 a minti ɗaya, har sai da ruwa ake sanyaya bakinta. Mutanenmu kuwa daga kibiya da mashi sai irin ta Kaka, wadda ake ɗura wa albarushi kafin kowane harbi. Yau a Ingila goge tsofaffin Maxim ake yi, a jera su a gidajen tarihi. Tamu kuma a sayar da ita kilo-kilo?

Na roƙi Baffa mu kai ta Gidan Makama a Kano. Ya ce zai yi shawara. Kafin nan dai Inna ta kulle ɗakin, ta ɗaure makullin a haɓar zaninta.